Gashin Bakin Alhaji Mudi da Kujerar Gaba

Wani mutum ne a unguwarmu ta Ɗorayi, ana ce masa Alhaji Mudi. In ka gan shi sau ɗaya ba ka ƙara manta shi, ba don kyau ba, sai don gashin baki. Gashin baki ne na gaske, baƙi wuluk, ya miƙe hagu da dama, ƙarshensa ya lanƙwaso sama kamar ƙahon rago. Kullum da safe sai ya shafe shi da man zaitun, ya taje, ya murɗe, sannan ya nemi abin karin kumallo. Matarsa Hajiya Ladidi ta taɓa gaya wa matata cewa ko ita ba ta samun tarairayar da gashin nan yake samu.

Abu na biyu da Alhaji Mudi yake ji da shi a duniya shi ne motarsa. Wata doguwar mota ce ruwan toka, tsohuwar yayi, ta ga jiya ta ga yau. Ya sa mata suna Gimbiya, har ya sa aka rubuta sunan a gilashin baya da jan fenti. Gimbiya ba ta da aibu sai ɗaya, shan mai. In ka zuba mata galan, kafin ka rufe tanki ta lashe baki tana jiran ƙari. Amma in Alhaji Mudi ne ke ba da labari, duk Kano babu kamarta.

Muna da majalisa a ƙofar shagon Ilu mai aski, inda muke haɗuwa da yamma in kowa ya dawo daga nema. Akwai Ilu kansa. Akwai Malam Nafi'u, malamin firamare ne a cikin gari, kullum a bas yake zuwa, a bas yake dawowa. Akwai Alhaji Sammani mai atamfa, wanda ya fi mu duka abin hannu, ya kuma fi mu duka shiru. Sai ni mai ba ku labari. Shi kuwa Alhaji Mudi kuloli da kwanuka yake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, kuma ba ya shigowa unguwa sai kowa ya sani. Tun daga bakin layi za ka ji hon, ɗiit-ɗiit, ya zo ya tsaya daidai hancinmu, ya fito yana kaɗa makulli a yatsa.

Ba ya zama sai ya taɓa Malam Nafi'u.

"Malam Nafi'u, yau kuma me aka ɗora maka a cinya? Ina jin warin daddawa."

"Buhun barkono ne yau, Alhaji. Daddawar jiya ce."

"To ka gani. Ni wallahi ina mamakinku. Mutum da girmansa, da iyalinsa, a cusa shi cikin gwangwani, gwiwar wani a bayansa, hammatar wani a hancinsa, sannan ya sa hannu a aljihu ya biya."

"Amma ai na riga ka isowa gida."

"Ka riga ni isowa, amma wa ya iso da mutuncinsa? Ni ko kwana zan yi a gosulo, in dai a cikin Gimbiya ne, barcina zan yi da daɗi."

Malam Nafi'u mutum ne mai sanyi, sai ya yi murmushi ya ci gaba da shan shayinsa. Ni ne nake jin haushin abin a madadinsa, don na san wahalar da yake sha kafin ya samu wuri da safe.

Shi kuwa Ilu ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan gashin bakin nan. Duk unguwa babu gashin da askarsa ba ta taɓa ba sai shi. Alhaji Mudi zai zauna a yi masa aski, a gyara gemu, amma da aska ta doso hanci sai ya kama hannun Ilu ya ce, "Nan iyakarka." Abin yana ci wa Ilu rai ƙwarai.

Ran nan Alhaji Mudi ya kai ƙarshe wajen cika baki, sai Ilu ya ajiye almakashi ya ce, "Alhaji, duniya ce fa. Wata rana kai ma za ka shiga."

"Ni? Motar haya?"

"Kai ɗin."

Alhaji Mudi ya miƙe tsaye. Ya kama gashin baki da hannu bibbiyu, ya ce, "Jama'a, ku shaida. Duk ranar da aka kama ni na shiga motar haya a garin nan, bas ce ko Adaidaita, Ilu ya kwantar da ni a kujerar nan ya aske wannan ƙwal. Kun shaida?"

Muka ce mun shaida.

Ilu ya juya. Ya shiga shago, ya ɗauko sabuwar aska, ya naɗe ta a takarda, ya ɗora a saman madubi inda kowa zai gani. Ya ce, "Wannan taka ce, Alhaji. Ba zan taɓa kan kowa da ita ba."

Ba a daɗe ba man fetur ya yi tashin gwauron zabi. Kun dai san yadda aka yi. Masu motoci suka fara jingine su ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Sammani da kansa ya kulle jif ɗinsa a gareji, ba ya fito da ita sai da dalili, ya koma shiga Adaidaita hankalinsa kwance. Alhaji Mudi kuwa ya shiga uku. Kasuwar kuloli ta ja baya, Gimbiya kuma ba ta san an yi wani canji a ƙasa ba, shan manta take yi kamar da. Daga Ɗorayi zuwa Sabon Gari ga nisa ga gosulo, kafin ya isa shago ta shanye ribar yini. Ya ajiye ta, ga Ilu. Ya ci gaba da hawanta, ga cefane. Kullum in ya zo majalisa idonsa sai ya kai saman madubi, ya shafa gashin baki, ya kau da kai.

Ya yi ta saƙa da warwara, har dabara ta faɗo masa.

Mu mutanen unguwa duk ta titin Kabuga muke bi mu shiga gari. Shi kuwa sai ya fito da safe da hon ɗinsa kamar kullum, ya ɗaga wa kowa hannu, yana shan kwana sai ya bi lunguna ta baya, ya ɓulla titin Panshekara, inda babu ɗan unguwarmu da ke da harka. A nan akwai wata tsayawar bas da ake kira Gindin Durumi, da rumfar wani mai faci, Tanimu. Alhaji Mudi ya shirya da Tanimu. A tura Gimbiya bayan rumfa, a lulluɓe ta da tamfol, shi kuma ya tsallaka titi ya hau bas. Da yamma ya dawo, a yaye tamfol, ya tada ta, ya ɗan danna totur har kan motar ya yi zafi, don in wani ya dafa ya ji kamar daga cikin gari ta fito. Sannan ya shigo mana da hon, yana sharce gumi, yana cewa, "Wash, yau gosulo ya kashe ni."

Duk wannan daga baya muka ji, daga bakin Tanimu da kwandastan bas ɗin, wani dogo mai suna Ɗan'azumi.

Ranar farko, in ji Ɗan'azumi, wani mutum ya zo ya naɗe fuska da hirami, ido kawai ake gani. Ga zafi ana zubawa. Ɗan'azumi ya dube shi ya ce, "Baba, haƙori ne ke ciwo?"

"Ba ruwanka. Kujerar gaba nake so, ta jikin taga."

"Akwai mutum."

"Ya koma baya. Ni mai mota ne, tana gareji ne kawai."

Kafin a yi nisa gumi ya jiƙa hirami sharkaf. Alhaji Mudi ya waiga, ya ƙare wa fasinjoji kallo, ya ga babu wanda ya san shi. Ya warware hirami. Gashin baki ya miƙe. Ɗan'azumi ya ce shi tun da yake aikin mota bai taɓa ganin irinsa ba, har ya manta bai karɓi kuɗin wata mata ba.

Daga ranar kujerar gaba ta zama ta Alhaji. Da safe Ɗan'azumi zai ɗora butarsa a kanta, alamar an kama, duk wanda ya miƙa hannu zai buɗe ƙofa sai ya ce, "Akwai mai ita." Da yamma ma haka, a tashar cikin gari. Alhaji kuma ba ya zuwa hannu rabbana, yau goro, gobe rake. Kuma kullum in ya zauna sai ya sanar wa mota, "Motata tana gareji ne." Har fasinjojin hanyar suka haddace. In ya shigo sai wani daga baya ya ce, "Alhaji, ya jikin motar?" Ya ce, "Da sauƙi, ana jiran kaya daga Legas."

Abin da bai taɓa zato ba shi ne, sai abin ya yi masa daɗi. Babu riƙe sitiyari. Babu zagin 'yan Adaidaita. Babu neman wurin ajiye mota a bakin kasuwa. In an shiga gosulo direba ne ke fama, shi kuwa ya miƙe ƙafa yana raba gardamar siyasa, ko ya yi wa mata biyu sulhu a kan wurin ajiye kwando. In ya gaji da surutu ya jingina da taga ya yi barcinsa. Har ƙiba ya yi. Hajiya Ladidi ta ce ya daina shigowa gida da faɗa, ita kuma ba ta tambayi dalili ba, don kada a fasa.

Barcin dawowa shi ya fi masa daɗi, kuma bai taɓa tsoron a wuce da shi ba. Gab da Gindin Durumi akwai wani rami a tsakiyar titi, wanda babu motar da ke tsallake shi. Da taya ta faɗa, gwaram, sai Alhaji ya farka, ya ɗaga hannu ya ɗaɗa wa rufin mota duka, ya ce akwai sauka. Sannan ya miƙa kuɗi ta kafaɗa ba tare da ya waiga ba, Ɗan'azumi ya karɓa daga baya. Yana zaune ne kusa da direba, da ya yi magana a hankali ma za a ji, amma Alhaji Mudi ba ya yin abu a hankali.

Kuna tsammanin ya sassauta wa Malam Nafi'u? Ina. Sai ma abin ya ƙaru, ya kuma ƙara armashi, don yanzu ya san kan zance.

"Malam Nafi'u, wato ku in kwandasta ba shi da canji sai ya haɗa ka da wani ƙato da takarda ɗaya, ku sauka kuna bin juna kamar ango da amarya, ko?"

"Haka ne, Alhaji."

"Kuma kujerar da ke kan injin, in ka zauna sai ka ji kamar ana gasa ka."

"Wallahi haka ne."

Ilu ya ɗago daga kan da yake askewa. Ya ce, "Alhaji, kai da ba ka taɓa shiga ba, ina ka san kujerar kan injin?"

Alhaji Mudi ya yi tari. Ya ce, "Masu yi mini dako ke ba ni labari."

Ilu ya dubi saman madubi, ya ci gaba da askinsa.

Ana nan sai wata Asabar ta zo, za a ɗaura auren ƙanen Alhaji Sammani a Madobi. An gayyaci majalisa duka. Alhaji Mudi ya ce shi ba zai samu zuwa ba, kaya za su iso masa. Gaskiyar magana kuwa tsoro yake kada a ce a tafi da Gimbiya, don zuwa Madobi da dawowa sai ya sayar da rabin shago. Da safe ya fita da hon ɗinsa kamar kullum.

Muka shiga jif ɗin Alhaji Sammani, shi yake tuƙi da kansa. Muka fara biyawa cikin gari karɓar goro da alawa. Da muka gama sai ya ce, "Ga mu kusa da Sabon Gari. Bai kamata a ce babu Mudi a wannan taro ba. Mu je mu ɗauko shi ko da tsiya."

Muka same shi a shago, ya gama da kwanon shinkafa da wake, yana kora fura. Babu kaya, babu alamar kaya.

Ilu ya leƙa waje, ya duba hagu da dama. "Alhaji, ina Gimbiya?"

"Tana wajen wanki, nan bayan kasuwa. Sun jiƙa kujerun, sai yamma za ta bushe."

"To ai shi ke nan, ga mota," in ji Alhaji Sammani. "Tashi mu tafi."

Babu yadda ya iya. Ya gyara hula, ya murɗe gashin baki, ya fito. Malam Nafi'u ne a gaba. Alhaji Mudi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, ai ka san ni ba na zama a baya." Malam Nafi'u ya fito ba musu, ya dawo wurinmu. Ilu ne ya zauna daidai bayan Alhaji Mudi.

Mota ta ɗauki hanya, sanyin esi yana ratsa mu. Alhaji Mudi ya baje, ya fara wa'azi.

"Kun ji daɗin motar gida ko? Malam Nafi'u, shaƙi sanyin nan da kyau, ka adana na ranar Litinin."

"Ina shaƙa, Alhaji."

"Dubi waɗancan bayin Allah a bas. Dubi yadda aka jera su. Kai, Allah Ya raba mu da wahala."

Muka ce amin.

Sai dai hanyar Madobi ta titin Panshekara take bi. Da Alhaji Sammani ya karya kan mota ya hau titin, na lura wa'azi ya fara yin ƙasa. Alhaji Mudi ya dubi taga. Ya zame a kujera. Ya ƙara zamewa. Can sai ya cire hula ya kifa a fuska.

"Lafiya, Alhaji?" in ji Alhaji Sammani.

"Rana ce ke dukan idona."

Gilashin motar baƙi ne, babu ranar da ke shigowa. Shi dai so yake a wuce Gindin Durumi ba a ga fuskarsa ba. To amma ga duhun hula, ga sanyi, ga shinkafa da wake, ga fura, ga kuma hanyar da jikinsa ya saba barci a kanta kullum. Ba a jima ba muka ji minshari yana fitowa daga ƙarƙashin hula, gwarr, gwarr, ƙarshen gashin baki yana leƙowa ta gefe yana rawa.

Muna ta hirarmu. Alhaji Sammani bai san hanyar sosai ba, bai kuma san da ramin ba.

Gwaram.

Hula ta faɗi. Alhaji Mudi ya zabura, ido a rufe, ya ɗaga hannu ya sami rufin jif ɗin mutane, bam, bam, bam.

"Akwai sauka! Direba, Durumi! Kar ka kai ni gaba irin na shekaranjiya."

Hannu ya shiga aljihu, ya fito da takardar kuɗi, ya miƙa ta kafaɗa har ta taɓa hancin Ilu.

"Ɗan'azumi, karɓi. Kuma yau ba na son yagaggen canji."

Muka dubi juna. Alhaji Sammani ya taka burki a hankali, ya gangara gefen titi, ya tsaya daidai inuwar durumi. Ya juyo da ladabi ya ce, "To Alhaji, ga Durumi. A sauka lafiya."

Ilu ya sa yatsu biyu ya zare takardar daga hannunsa.

A nan Alhaji Mudi ya buɗe ido. Ya dubi Alhaji Sammani. Ya dubi rufin mota. Ya waiga a hankali, ya yi ido biyu da Ilu, wanda ke masa wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

"Mafarki nake," in ji shi.

"Mafarkin me, Alhaji?"

"Mafarki na yi wai na zama Malam Nafi'u. Kai, mugun mafarki. A'uzu billahi."

"Ni ban taɓa bin hanyar nan ba," in ji Malam Nafi'u.

"Ai shi mafarki ba ruwansa da hanya."

"Wane ne Ɗan'azumi?" in ji Ilu.

"Wani mai dako ne a kasuwa."

"Shi ke ba ka canji?"

"Alhaji Sammani, ja mota mu tafi, za mu rasa ɗaurin aure."

Da ya yi sa'a da an ja. Amma ya sauke gilashi don ya sha iska, gumi yana keto masa duk da sanyin motar. Gashin baki ya leƙa waje. Tanimu mai faci yana zaune a rumfarsa, ya hango abin da ya sani. Ya taso da sauri yana goge hannu a riga.

"A'a, Alhaji, yau da wuri haka? Bas ɗin ce ta lalace aka rage maka hanya? Bari in yaye mata."

Alhaji Mudi yana ta ƙifta masa ido, yana girgiza kai. Tanimu ya ɗauka gaisuwa ce, ya ɗaga masa hannu, ya zaga bayan rumfa, ya kama tamfol ya ja, fuu. Sai ga Gimbiya. Wata kaza da ke kwance a ƙarƙashinta ta fito da 'ya'yanta tana ƙorafi.

Malam Nafi'u ya gyara tabarau. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe bayan kasuwar Sabon Gari har nan ya kawo."

"Ba ita ba ce," in ji Alhaji Mudi. "Kama ce. Irinta sun yi yawa a gari."

"Har da jan fentin?"

Daidai nan wata bas ta faɗa ramin, gwaram, ta zo ta tsaya a bayanmu. Wani dogo yana maƙale a ƙofa yana kiran fasinja. Yana hango gashin baki sai ya diro, ya zo ya dafa tagar jif.

"Alhaji na gaba! Yau kuma amanarmu ka ci? Ka samu masu esi ka manta da mu. In ɗora maka buta da yamma, ko in ba wani?"

Ilu ya leƙo ta baya. "Sannu, bawan Allah. Ya sunanka?"

"Ɗan'azumi."

Ni dai ban san lokacin da na zame daga kujera ba. Malam Nafi'u, mutumin da ban taɓa jin dariyarsa da ƙarfi ba, ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Alhaji Sammani ya kwantar da goshi a kan sitiyari har hon ya yi ƙara. Ilu kaɗai bai yi dariya ba. Ya miƙa wa Ɗan'azumi takardar kuɗin ya ce, "Riƙe, na Alhaji ne. Ya ce ba ya son yagaggen canji."

Mun isa Madobi an riga an shafa fatiha. Duk zaman da muka yi a can, Ilu yana riƙe da hannun rigar Alhaji Mudi, ko alwala zai yi sai ya raka shi.

Kafin mu dawo labari ya riga mu isa unguwa, don Malam Nafi'u mai sanyin nan ashe ya iya waya. Bayan la'asar ƙofar shagon Ilu ta cika maƙil. Ilu ya miƙa hannu saman madubi, ya sauko da takarda, ya warware. Askar tana ƙyalli.

Alhaji Mudi ya fara ciniki.

"Ilu, ni da kai ba mu taɓa faɗa ba. In kawo rago a yanka wa majalisa."

"Ba na cin nama kwanan nan."

"To a rage tsawo. A ɗan datse gefe da gefe."

"Ƙwal ka ce, Alhaji."

"Malam Nafi'u, kai malami ne, sa baki."

Malam Nafi'u ya ce, "Ni na yafe warin daddawa, na yafe gwangwani. Amma ka ce mu shaida, mun kuwa shaida."

Ana cikin haka sai ga saƙo daga gidan Alhaji Mudi. Ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauka Hajiya Ladidi ta aiko da roƙo. Aka buɗe, sai ga ruwan zafi a kula da sabon sabulu. Ta ce a gaya wa Ilu ya bi a hankali, amma ya tabbata bai bar ko ɗaya ba.

Aka kwantar da shi. Ilu ya yi bisimilla. Ƙarat, ɓangaren dama ya faɗi a kan tawul. Ƙarat, na hagu ya bi shi. Gaskiya a nan tausayi ya kama ni, don na ga hawaye ya taru a idon mutumin. Da aka ɗaga shi, leɓensa na sama ya fito fari fat kamar an ɓare rogo, fuskar ta koma 'yar ƙarama. Jikarsa da aka ɗago ta gan shi ta fashe da kuka, ta ce ba ta san wannan ba.

Ranar Lahadi bai fito ba. Ranar Litinin kuwa dole a je kasuwa. Asiri ya riga ya tonu, yana iya bin titin Kabuga tare da kowa, amma ya ce a ransa, in gashin baki ya tafi ai kujerar gaba tana nan. Mu kuma mun san zai yi wannan tunanin. Saboda haka ni da Ilu da Malam Nafi'u muka yi sammako muka tafi Gindin Durumi don ganin ƙwaf, muka shige can ƙuryar bas ɗin Ɗan'azumi muka yi shiru. A layin gabanmu wata tsohuwa ce da akuyarta, tana ta fama da ita. Buta tana kan kujerar gaba.

Sai ga shi ya tsallako titi, hula ta sauko har gira. Ya nufi ƙofar gaba kai tsaye, ya buɗe, ya miƙa hannu zai ɗauke buta.

Ɗan'azumi ya riƙe ƙofar. "Malam, akwai mai ita."

"Ni ne ai."

"Kai ne wa?"

Ya rage murya. "Alhaji Mudi."

Ɗan'azumi ya ja da baya, ya dube shi daga hula har takalmi, ya sake dawowa kan leɓen. Ya girgiza kai.

"Malam, ka ji tsoron Allah, kar ka ɓata wa babban mutum suna. Alhaji Mudi mai mota ne, gashin bakinsa kaɗai ya fi ka kwarjini. Koma baya, ka taya baiwar Allah nan riƙe akuyarta."